Huhu Ɗaya, Aikin Biyu: Yadda Ake Zaɓar Tsarin Numfashi a Tiyatar Ƙirji

Da zarar likitan fiɗa ya huda ƙirjin mutum, numfashi irin wanda muka saba da shi ya tashi daga aiki. Huhu ba shi da tsokar da zai buɗe kansa da ita. Abin da ke riƙe shi a buɗe shi ne matsin da ke tsakaninsa da bangon ƙirji bai kai na iskar waje ba, don haka yake manne da haƙarƙari, ƙirji ya faɗaɗa ya bi shi, ƙirji ya koma ya koma. Idan aka yi ƙofa a bangon nan, iskar waje ta kutsa, sai huhun ya saki ya yamutse kamar balan-balan da aka sace wa iska. Wannan matsalar ce ta daɗe tana hana likitoci taɓa ƙirji, alhali sun riga sun ƙware da buɗe ciki. A 1904 wani likitan Jamus, Ferdinand Sauerbruch, ya gwada wata dabara a birnin Breslau: ya gina ɗaki da ake zuƙe iskar cikinsa, gangar jikin majinyaci da masu fiɗa suna ciki, kansa kuma yana leƙe a waje. Dabarar ta yi aiki, amma wahalarta ta yi yawa. Wadda ta ɗore ita ce kishiyarta, wato a zura bututu a maƙogwaro a riƙa tura iska da ƙarfi.

A yau al'amarin ya wuce nan. Mai fiɗa ba ya son huhun da yake aiki a kansa ya riƙa kumbura yana sacewa a gabansa, musamman yanzu da yawancin aikin da kyamara ake yinsa ta ƙananan huji. Saboda haka ake kwantar da majinyaci a kan gefensa, a hana huhun sama iska da gangan, a bar na ƙasa shi kaɗai da nauyin numfashin jiki duka. Ana yin haka da bututu mai hanya biyu, wanda Eric Carlens na Siwidin ya fito da shi a 1949, Frank Robertshaw na Ingila kuma ya gyara fasalinsa a 1962, ko kuwa da wata 'yar balan-balan da ake toshe reshen maƙogwaro ɗaya da ita. To a nan ne likitan sa barci ke tsayawa gaban na'urar numfashi ya zaɓi tsarin da za ta bi. Tambayar da masu koyon aiki suka fi yi ita ce: wane tsari ya fi? Ra'ayina shi ne an ɗora wa sunan tsarin nauyin da ya fi ƙarfinsa. Amma kafin a ga dalili, sai an fahimci halin da huhun ƙasan nan yake ciki.

Halin ba mai daɗi ba ne. Zuciya da manyan jijiyoyin da ke tsakiyar ƙirji sun kwanto a kansa daga sama. Kayan ciki suna turo tantanin da ya raba ƙirji da ciki daga ƙasa, ga shi maganin sassauta tsoka ya kashe wa tantanin ƙarfi, ba ya iya turjewa. Gadon tiyata ya danne haƙarƙarin wannan gefen. Maganin barci shi kansa yana rage iskar da ke saura a huhu bayan an fitar da numfashi. Sakamakon haka wasu daga cikin 'yan jakunkunan iskar da ke huhun suna rufewa, a daidai lokacin da ake buƙatar kowace ɗaya.

Huhun sama kuma, ko da yake ba iska a cikinsa, jini bai daina ratsa shi ba. Jinin nan yana shiga ya fito yadda ya shiga, bai ɗauki oksijin ba, ya je ya gauraya da mai kyau ya rage masa ƙarfi. Abubuwa biyu ne ke rage ɓarnar. Na farko nauyi: jini ya fi gangarawa huhun da ke ƙasa. Na biyu wata hikima ce ta halittar huhu, wadda masanan Siwidin biyu, von Euler da Liljestrand, suka bayyana a 1946: duk inda oksijin ya yi ƙaranci a huhu, jijiyoyin wurin sukan tsuke su karkatar da jini zuwa inda iska take. Wannan tsukewa tana rage jinin huhun da aka rufe da kusan rabi. Duk da haka, wajen kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na jinin da zuciya ke harbawa yana wucewa ba tare da ya gamu da iska ba. A riƙe wannan a zuciya, domin yana nufin mafi yawan faɗuwar oksijin a irin wannan aiki ta hanyar jini take zuwa, ba ta hanyar maɓallin da aka danna a na'ura ba.

Tsare-tsaren da ake jayayya a kansu asali biyu ne, kuma bambancinsu na alkawari ne. Na'ura ba ta iya yi maka alkawarin yawan iska da matsinta a lokaci guda, domin huhu ne ke yanke hukuncin yadda ɗaya zai kasance idan an ƙayyade ɗayan. A tsarin awon iska, wanda ake rubuta VCV a fuskar na'ura, likita yana cewa a tura mililita kaza a kowane numfashi, na'ura kuma ta tura su da gudu iri ɗaya daga farko har ƙarshe, ko da wane matsi hakan zai ci. Idan huhu ya yi tauri ko bututu ya lanƙwashe, iskar tana shiga yadda aka ce, matsi ne zai hau. A tsarin awon matsi, PCV, likita yana cewa a kai matsi kaza a riƙe shi na tsawon daƙiƙa kaza. Iska takan ɓarke da gudu da farko, sai ta riƙa lafawa yayin da huhu ke cika. A nan matsi ba ya wuce iyaka, amma yawan iskar da ta shiga ya danganta da yadda huhu ya karɓa. Yau laushi, ta shiga da yawa. An jima tauri, ta ragu, na'ura kuma ba ta ga laifinta ba tunda ta cika alkawarin da ta ɗauka.

Shekaru da dama masu tiyatar ƙirji sun fi karkata ga tsarin matsi, kuma hujjarsu a bayyane take a allon na'ura. Ka ɗauki majinyaci ɗaya, iska ɗaya, ka sauya daga tsarin awo zuwa na matsi, nan take ƙololuwar matsi za ta sauko, a ce daga 28 zuwa 22 (da santimitar ruwa ake auna wannan matsi). Ido yana ganin wannan, zuciya ta kwanta. Ga kuma wani bincike da Tugrul da abokan aikinsa suka yi a Istanbul a 1997, wanda ya nuna oksijin ɗin jini ya ɗan fi kyau a tsarin matsi. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba.

Matsin da na'ura ke nunawa, a cikin tiyonta take auna shi, ba a cikin huhu ba. Lokacin da iska ke gudu, wannan lamba tana ɗauke da abu biyu: ƙarfin da aka kashe wajen buɗe huhu, da ƙarfin da aka kashe wajen cusa iska ta ƙunƙuntar hanya. Bututu mai hanya biyu kuwa dogo ne, kowace hanya tasa siririya ce, kuma idan ana numfashi da huhu ɗaya, ta hanya ɗaya tak duk iskar ke bi. Ƙunci ba ƙaramin abu ba ne a nan, domin idan faɗin bututu ya ragu da rabi, turjiyarsa ga iska mai tafiya a natse takan ninka har sau 16. Don haka babban kaso na wannan 28 ɗin a jikin roba ya ƙare, bai isa ga jakunkunan iska ba. A tsarin matsi kuwa, tunda gudun iska yana lafawa har ya kusan tsayawa a ƙarshen shaƙa, kason turjiya ya ɓace daga lambar, shi ya sa take fitowa ƙarama. Rozé da abokansa a Bordeaux ta Faransa sun tabbatar da wannan a 2010: suka auna matsi a can bakin bututu cikin reshen huhu, suka tarar babbar tazarar da ake gani a allo ta zama 'yar kaɗan a inda abin ya shafi huhu. Batun oksijin ma bai tsaya ba, domin Unzueta da wasu likitoci a Barcelona sun sake gwajin a 2007 a kan masu lafiyayyen huhu ba su ga bambanci ba. Binciken da aka tattara daga baya wasu sun nuna ɗan fifiko ga tsarin matsi, amma ɗan fifikon da ba ya sauya makomar majinyaci.

Lambar da ta fi faɗin gaskiya ita ce matsin tsayawa. A tsarin awo, ana umartar na'ura ta ɗan dakata a ƙarshen shaƙa, kamar kashi goma cikin ɗari na lokacin, iska ta tsaya cik. Abin da allo ya nuna a wannan ɗan lokacin shi ne matsin da ke cikin huhu da gaske. Wannan wata falala ce ta tsarin awo da ba a cika ambata ba: yana ba ka lambobi biyu, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana ba da labari. Idan ƙololuwa ta hau amma matsin tsayawa bai motsa ba, matsalar a hanya take, ko majina, ko bututu ya lanƙwashe, ko hanyoyin iska sun shaƙe irin na mai asma. Idan duka biyun suka hau tare, huhun ne ya yi tauri ko ya ƙanƙance, wataƙila bututu ya zarce ya toshe wani sashe, wataƙila iska ta taru a kogon ƙirjin ƙasa. Tsarin matsi ba ya ba da wannan bayani kai tsaye. Abin da za ka gani kawai shi ne iska ta ragu, sai ka koma kallon zanen gudun iska don gano dalili.

Kowane tsari da irin yadda yake cin amana. A tsarin matsi, mai fiɗa zai iya jingina da tsakiyar ƙirji ko ya ja wani abu, ko a hura iskar kabon cikin ƙirji kamar yadda ake yi a wasu ayyukan kyamara, iskar da ke shiga ta faɗo daga mililita 330 zuwa 200 ba tare da ƙara ko ɗaya ba, in dai ba a saita ƙararrawar yawan iska kusa-kusa ba. Kishiyar haka ta fi ban tsoro: a saki abin da ya danne, ko a buɗe wa huhu sarari, matsin da ɗazu ke shigar da 330 yanzu ya shigar da ninkinsa. A tsarin awo kuma, bututu ya goce ya shige reshe ɗaya na huhun, na'ura za ta ci gaba da ɗura iskar huhu guda cikin rabinsa, sai iyakar matsin da aka saita ce kaɗai za ta tsayar da ita. Ma'ana, duk tsarin da ka zaɓa, abin da bai yi maka alkawarinsa ba shi ne aikin idonka, kuma a kansa za ka tsuke ƙararrawa.

Kamfanonin na'ura sun yi ƙoƙarin haɗa biyun. Sunayen sun bambanta, GE na cewa PCV-VG, Dräger na cewa AutoFlow, wasu PRVC, amma dabarar ɗaya ce: likita ya faɗi yawan iskar da yake so, na'ura ta ba da numfashi irin na tsarin matsi, ta auna abin da ya shiga, sannan ta ƙara ko ta rage matsi kaɗan-kaɗan a numfashi na gaba har ta cim ma adadin. A aikin da laushin huhu ke sauyawa kowane minti, wannan sauƙi ne na gaske, kuma inda na'urar ke da shi, da wuya a ga dalilin ƙin amfani da shi. Illarsa ita ce yana gyara a ɓoye. Bututu na iya fara toshewa, na'ura tana ta ƙara matsi a hankali, yawan iska na nan daram a allo, likita bai farga ba sai ta kai bango. Wanda ke wannan tsari, matsi zai riƙa kallo, ba iska ba.

Abin da ya sauya makomar majinyata da gaske lambobi ne, ba sunan tsari ba. Tsofaffin littattafai sun koyar da cewa a ba huhu ɗaya mililita 10 zuwa 12 a kan kowane kilo, da oksijin zalla, ba tare da barin ragowar matsi a ƙarshen fitar da numfashi ba. Tsoron lokacin shi ne faɗuwar oksijin, kuma tsoro ne mai dalili, domin a shekarun 1970 kusan ɗaya cikin huɗu na masu irin wannan aiki na fuskantarta. Yau ta koma ƙasa da ɗaya cikin goma, galibi saboda na'urar leƙen hanyoyin huhu da ake duba zaman bututu da ita da kuma ingantattun magungunan barci. Da wannan tsoro ya ragu sai wani ya bayyana. A 1984 wani likita mai suna Zeldin ya ba da rahoton mutum goma da huhunsu ya cika da ruwa bayan an cire musu ɗayan, aka ɗora laifin a kan yawan ruwan da aka ƙara musu. Daga baya aka gane cewa yadda ake hura huhun da ya rage yana da nasa kason. Sannan a 2000 wani babban bincike na Amurka kan masu mummunan ciwon huhu a sashen kulawa ta musamman ya nuna cewa rage iska daga mililita 12 zuwa 6 a kan kilo ya sauko da mace-mace daga kusan kashi 40 zuwa 31 cikin ɗari. Waɗancan masu huhu biyu ne, marasa lafiya. Amma tambayar ta zama dole: in 12 ta yi wa huhu biyu yawa, yaya huhu ɗaya?

Yanzu abin da aka fi bi shi ne mililita 4 zuwa 6 a kan kilo. Kilon kuma ba na ma'auni ba ne, na tsayi ne, domin ƙiba ba ta ƙara girman huhu. Ana lissafa shi haka: ga namiji, 50 a tara da 0.91 sau abin da tsayinsa ya ɗara santimita 152.4, ga mace a fara da 45.5. Namiji mai tsayin santimita 170 ya tashi kilo 66, ko da ma'auni ya ce 110. A mililita 5, iskarsa 330 ce. Da tsohon lissafi da nauyin ma'auni, da an ɗura masa 1100 a huhu guda. Mace mai santimita 160 kuwa wajen 260 za ta samu, kuma gajerun mata su ne suka fi cutuwa idan aka bar na'ura a kan lambar da ta saba farawa da ita.

Sai dai rage iska kaɗai an gudu ne ba a tsira ba. Ƙaramin numfashi a huhun da aka danne ta ko'ina yana barin jakunkuna su rufe, waɗanda ke bakin iyaka kuma su riƙa buɗewa suna rufewa a kowane numfashi, wanda shi ma rauni ne. Maganin wannan shi ne ragowar matsin da ake bari a ƙarshen fitar da numfashi, wanda ma'aikata ke kira PEEP. Wani likita mai suna Blank da abokansa sun nuna a 2016 cewa ƙaramar iska ba tare da isasshen PEEP ba ba ta kare majinyaci. Yawanci ana farawa da santimita 5 na ruwa, bayan an ɗan hura huhun a hankali don buɗe abin da ya rufe. Hurawar nan tana iya sauko da hawan jini na ɗan lokaci, saboda haka ba a yinta ido a rufe. Kuma PEEP ɗin ma in ya yi yawa yakan matse jijiyoyin huhun ƙasa ya kora jini zuwa na sama da ba iska, oksijin ya ƙara faɗuwa.

To yaya za a san daidai? Nan ne tazarar matsi ta shigo, wato matsin tsayawa a debe PEEP. Wani likita mai suna Amato ya fito da muhimmancinta a 2015 a kan masu ciwon huhu mai tsanani. Ma'anarta mai sauƙi ce: tana nuna yadda numfashin da ka bayar ya yi wa huhun da ke buɗe a yanzu girma ko daidai. A ce matsin tsayawa 20 ne, PEEP 5, tazara 15. Ka ɗaga PEEP zuwa 8, matsin tsayawa ya tsaya a 20, tazara ta koma 12: ka buɗe sababbin jakunkuna, iskar ta samu wurin bazuwa. In kuwa ya haura zuwa 25, tazara ta zama 17, to kumbura huhun kawai kake yi, sai ka koma baya. Ana son tazarar ta zauna ƙasa da 15, matsin tsayawa kuma ƙasa da 25. Wani asibiti a Seoul ya gwada saita PEEP ta wannan hanya a 2019 aka ga matsalolin huhu bayan tiyata sun ragu, amma da aka faɗaɗa gwajin zuwa asibitoci da dama a 2023 ba a ga wannan ribar ba. Wani babban gwaji da likitocin Sifaniya suka jagoranta, wanda ya haɗa buɗe huhu, da PEEP daidai da kowane mutum, da kulawa bayan tiyata, shi kuma ya nuna riba a 2024. Tsugune dai ba ta ƙare ba. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne tazarar matsi ma'auni ne mai kyau na gane lokacin da ake cutar da huhu, ko da bin ta sau da ƙafa bai zama magani ba. Kuma a lura, duk wannan lissafi ana iya yinsa a kowane tsari.

Ƙaramar iska tana tara kabon a jini, sai a ƙara yawan numfashi zuwa 14 ko 16 a minti. Ba dole ba ne a mayar da kabon daidai cif. Ɗan hawansa jiki na jurewa, sai fa ga mai hawan matsi a ƙwaƙwalwa, ko mai hawan jinin jijiyoyin huhu, ko wanda bugun zuciyarsa ke rikicewa.

Akwai majinyatan da ke rusa wannan tsari gaba ɗaya, kuma a kansu ne zaɓi ke da nauyi sosai. Mafi yawansu masu cutar toshewar hanyoyin huhu ne, irin ta tsofaffin mashaya taba, waɗanda su ne kuma suka fi zuwa a cire musu kansar huhu. Matsalarsu ba shigar iska ba ce, fitarta ce. Huhunsu ya saki, hanyoyinsa suna rufewa kafin iska ta gama fita. Idan na'ura ta turo sabon numfashi kafin na baya ya ƙare, ragowa na taruwa a kan ragowa, ƙirji ya cika ya danne jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya, hawan jini ya faɗi warwas. Alamar tana kan zanen gudun iska: layin fitarwa bai dawo sifili ba sabon numfashi ya fara. A nan ƙara yawan numfashi don korar kabon ƙara wa wuta fetur ne. Abin yi shi ne a rage yawan numfashi, a tsawaita lokacin fitarwa daga ninki biyu na shaƙa zuwa ninki uku ko huɗu, a yi hattara da ƙarin PEEP tunda huhun ya riga ya tara nasa, a ƙyale kabon ya hau. In jini ya faɗi ba zato, a cire tiyo daga bututu na 'yan daƙiƙu, iska ta fita; in tarin iska ne, nan take jinin zai dawo. Tsarin matsi yana da wata fa'ida ta gaske a nan: idan iska ta taru, abin da ke shiga yana raguwa da kansa, ba ya ci gaba da cusawa. Abin mamaki kuma, waɗannan masu lalataccen huhu sau da yawa sun fi masu lafiyayyen huhu riƙe oksijin a lokacin numfashi da huhu ɗaya.

Mai manyan kumburin iska a huhu, waɗanda bangonsu ya yi siriri, ana tsoron fashewarsu, don haka ana riƙe matsi ƙasa kuma ba a ba shi iskar sa barcin da ake kira nitrous oxide, domin tana shiga rufaffen wuri ta faɗaɗa shi. Mai huji tsakanin reshen huhu da kogon ƙirji kuwa, iskar da aka tura ta hujin take zurarewa. Tsarin matsi ya fi jure yoyo, amma ainihin maganin shi ne a killace wannan huhun da bututu tun kafin a fara turawa da ƙarfi. Idan maƙogwaron kansa ake yankewa, wani lokaci mai fiɗa ne ke zura bututu ta cikin raunin zuwa sashen ƙasa, ko a koma ga na'urar da ke harba siririyar iska sau ɗari ko fiye a minti ta ƙaramin tiyo, ko a fitar da jini waje na'ura ta sa masa oksijin. Wanda ke da babban ƙari a gaban tsakiyar ƙirji kuma, mafi aminci gare shi sau da yawa shi ne kada a kashe masa numfashin kansa da wuri, domin da tsoka ta saki ƙarin na iya kwantowa kan maƙogwaro da manyan jijiyoyi. Har ma akwai cibiyoyin da ke yin wasu ayyukan kyamara ba tare da bututu ba, majinyaci yana numfashi da kansa.

Idan oksijin ɗin jini ya faɗi ƙasa da kashi 90 cikin ɗari ana tsakiyar aiki, sauya tsari ba ya cikin abubuwan farko. Ana ɗaga oksijin zuwa ɗari bisa ɗari, a leƙa a ga ko bututu ya goce, wanda shi ne ya fi yawan faruwa, musamman bayan an juya majinyaci. A zuƙe majina, a duba ko zuciya na harba isasshen jini, a sake buɗe huhun ƙasa a gyara PEEP. In bai isa ba, a ba huhun sama ɗan oksijin da matsi kaɗan, santimita 2 zuwa 5, wanda ke aiki sosai amma yana tare wa mai kyamara gani, don haka sai an yi shawara da shi. In abin ya yi tsanani, a dakatar da fiɗa a hura huhu biyu, ba kunya a ciki. Idan huhun duka za a cire, mai fiɗa na iya matse jijiyar da ke kai masa jini, ɓarnar ta tsaya nan take. Aikin huhun dama ya fi kawo wannan matsala, domin shi ne babba, yana ɗaukar kusan kashi 55 na jini, an bar ƙaramin da aiki. Oksijin zalla ma ba a barinsa haka nan in ba buƙata, musamman ga wanda aka taɓa ba maganin cutar kansa mai suna bleomycin, wanda yawan oksijin ke iya ƙona masa huhu.

Wurin da aka fi sakaci shi ne ƙarshen aiki. An gama yanka, mai fiɗa ya zuba ruwan gishiri mai ɗumi a ƙirji ya ce a hura. Likitan sa barci ya koma jakar hannu, ya ɗaga matsi a hankali zuwa 20 ko 30, ana kallon ko kumfa za ta taso daga ɗinkin reshen da aka yanke. Huhun da ya yi awa biyu a yamutse ba a buɗe shi da fizga, domin dawowar iska da jini gare shi ita ma tana da nata rauni. Daga nan a koma numfashi da huhu biyu, kuma duk lambobin ɗazu sun tashi: wanda ke tsarin matsi dole ya sauke matsin nan take, in ba haka ba iska za ta yi tsalle. In an cire huhu ɗaya gaba ɗaya, babu komawa, lambobin huhu ɗaya su ne nasa har a cire bututu. Da majinyaci ya fara jan numfashi da kansa, sai a mayar da na'ura tsarin tallafi, shi ya fara ita ta ƙarasa masa, a warware maganin sassauta tsoka sarai, a tabbatar allurar kashe zafin da aka yi masa a baya ko a gefen ƙashin baya tana aiki, domin wanda haƙarƙarinsa ke ciwo ba zai ja dogon numfashi ba, ba zai yi tari ba. Ana so a cire bututun tun a ɗakin tiyata, saboda kowace awa da sabon ɗinki ya ƙara a ƙarƙashin matsin na'ura tana ƙara yiwuwar ya yi yoyo.